Takalmin dala dubu da ƙarfen milimita uku

Ranar da na fara kai ɗana shagon kayan hokin ƙanƙara a nan Kanada, na tafi ne da hankalin da muka taso da shi a gida: takalmin yaro da ɗan rara ake sayensa, tunda ƙafa ba ta gama girma ba. Mai shagon wani dattijo ne mai tafin hannu irin na maƙera. Ya sa yaron ya cire safa mai kauri da na saka masa saboda sanyi, ya ba shi wata siririya, ya zaunar da shi a benci, ya zura masa ƙafar a takalmi, sannan ya ce ya buga dunduniya a ƙasa sau biyu. Ya ja igiya tun daga yatsu har sama. Da yaron ya miƙe sai ya yamutsa fuska.

"Baba, yatsana yana taɓa gaba."

Na ce to a kawo na gaba da shi. Dattijon ya girgiza kai, ya ce yaron ya lanƙwasa gwiwa kamar mai shirin zama a kujera. Ya rusuna.

"Yanzu fa?" na tambaye shi.

"Ya daina taɓawa."

Dattijon ya ce wannan ne nasa. Na duba lambar, na ga ta gaza ta takalmin makarantarsa da ɗaya da rabi. Na biya ina ƙunƙuni a zuci, ina ganin an dai shirya mini dawowa baɗi.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, 'yan wasa shida-shida ne a kan daskararren fili, suna korar wani faifan baƙar roba da sanduna. A gasar NHL ta Kanada da Amurka filin yana da tsawon mita 61 da faɗin mita 26. Gwanayensu kan kusanci gudun kilomita 40 a awa, su ci birki nan take ƙanƙara na tartsatsi, su juya da baya ba tare da sun rage gudu ba. Saboda tsananin aikin, ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili sai a canje shi ya huta. Ƙato mai kilo 90 da duk wannan gudu yana tsaye ne bisa wuƙar ƙarfe da kaurinta bai wuce milimita 3 ba, kuma tsakanin wuƙar da ƙashin ƙafarsa babu komai sai takalmin. Idan ƙafa ta motsa a ciki kafin takalmin ya motsa, ƙarfin da ya kamata ya sauka kan ƙanƙara ya zube a hanya, kuma umarnin da ƙafa ta ba wuƙa ya isa a makare. Shi ya sa ake sa takalmin ya kama ƙafa fiye da duk wani takalmin da muka saba da shi.

Manyan takalman kamfanonin Bauer da CCM da True yanzu sun haye dala 1,000. Tambayar da duk mai shirin zaro wannan kuɗi ke yi ita ce, me kuɗin ke saya? Amsar da na gamsu da ita bayan shekaru ina zaryar shago da filin wasa ita ce, kuɗin na sayen tauri da rashin nauyi da kayan da ke karɓar siffar ƙafa idan an ɗumama su. Zaman takalmin a ƙafarka kuwa ba ya cikin farashin. Kai ne za ka nemo shi, kuma sau da yawa yana can a takalmin da bai kai rabin wannan kuɗi ba.

Sai an waiwayi baya kaɗan za a ga dalilin da ya sa awo ya zama babban al'amari haka. Da can wuƙa daban take, takalmi daban. Kamfanin Starr da ke Dartmouth a lardin Nova Scotia ya yi suna a shekarun 1860 da wata wuƙa mai maƙalli da ake ɗamfara wa takalmin fita na yau da kullum. A 1905 wani mai ɗinkin takalma a garin Brandon na lardin Manitoba, George Tackaberry, ya ɗinka wa maƙwabcinsa Joe Hall takalmi na musamman, domin Hall ɗan wasa ne mai ƙarfi da takalma ba sa jure masa. Tackaberry ya auna ƙafarsa, ya yi amfani da fatar dabbar kangaru wadda ba ta saurin shan ruwa ko miƙewa, ya ƙarfafa dunduniya da gaba. CCM ya karɓi wannan suna a 1937, kuma har gobe akwai jerin takalmansa da ake kira Tacks. Bauer, wanda ya faro a Kitchener ta lardin Ontario a 1927, yana cikin na farko da suka riƙa fitar da takalmi da wuƙarsa a haɗe tun daga masana'anta. A shekarun 1970 mariƙin roba mai suna Tuuk ya maye gurbin bututun ƙarfen da ke riƙe wuƙar. Daga nan fata ta ba leda da roba wuri, su ma suka ba zaren kabon da danginsa wuri.

Nan ne abin ya sauya. Fata tana da haƙuri. Duk wanda ya taɓa sayen takalmin fata ya ji mai sayarwa na cewa "zai saki", kuma gaskiya yake faɗa: in ka jure mako biyu ko uku, fatar za ta bi ƙafarka, kuskuren awo ya gyaru da kansa. Kwanson kabon bai san wannan yarjejeniya ba. An ƙera shi ne domin kada ya saki. In akwai saɓani tsakaninsa da ƙafa, ƙafar ce za ta saduda, da bororo, da kanta, wani lokaci har da tsiron ƙashi. Duk abin da lokaci ke gyarawa a da, yanzu dole a gyara shi a bencin shago.

Masu gwada takalma da suka san aikinsu ba daga tsawo suke farawa ba, daga dunduniya ne. A ɗaure igiya, mutum ya miƙe, ya rusuna, ya taka, ya karkata nauyinsa gaba. Dunduniya ba za ta ɗaga ba ko kaɗan. In ta ɗaga, maganar wannan takalmi ta ƙare komai kyansa, domin duk taku sai ta goga. Gogar nan ita ke fara kawo bororo, in aka daɗe kuma ƙashin bayan dunduniya, daidai inda agara ta kama, ya yi wani tudu da likitoci ke kira da sunan Haglund. 'Yan wasa sun laƙa wa tudun sunan kamfanin Bauer a matsayin barkwanci, amma ba shi da kamfani, kowane takalmi mai tauri da bai kama dunduniya ba yana iya haifar da shi. Abin da ke ruɗar sababbin shiga shi ne, idan suka ji dunduniya na wasa sai su ƙara ɗaure igiya, alhali matsalar faɗin gurbin dunduniyar ne, igiya kuwa daga gaba take aiki.

Bayan dunduniya sai zurfi, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Ƙafafu sun bambanta a doro: wani doron ƙafarsa a kwance yake, wani ya tashi kamar tozo. Akwai wani gwaji mai sauƙi da ake yi da fensir. A kwance igiya, a janye harshen takalmin gaba, a danna dunduniya baya, sannan a gitta fensir bisa gefuna biyu na takalmin, wajen huda ta uku ko ta huɗu daga sama. In fensirin ya kwanta a kan gefunan ba tare da ya dogara da ƙafa ba, zurfin ya isa. In kuwa ya hau kan ƙafa yana lilo, ƙafar ta fi ƙarfin takalmin, kuma duk lokacin da aka ja igiya jijiyoyin gaban idon sawu za ta danne. Ciwon da ke biyo baya sananne ne, 'yan wasa suna ce masa cizon igiya. Kumburi ne a jijiyar da ke ɗaga ƙafa sama, kuma yakan kai mutum ya kasa ɗaure takalmin sam. Akasin haka ma matsala ne: in fensir ya yi nesa da ƙafa, sai an ja igiya har gefunan sun kusa haɗuwa kafin a ji kamu, kuma takalmin ya naɗe ba bisa yadda aka ƙera shi ba.

Tsawo shi ne abin da dattijon nan ya nuna mini. A tsaye yatsu su ɗan shafi gaba, a rusune su janye. Ga yaro mai girma akan yi sassauci: a tura ƙafa gaba ba igiya, in yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan dunduniya to ya yi, in biyu suka shiga ya yi yawa. Faɗi ne na ƙarshe, kuma shi ne mai sauƙin gyara, domin akwai wani matsi da ake ɗumama wuri ɗaya da shi a turo shi waje, daidai gaɓar babban yatsa, ko ta ƙaramin, ko ƙoƙon idon sawu. Wannan ne ya sa jerin ya zo haka. Wurin da ya matse ana iya buɗa shi. Wurin da ya yi yawa ba a iya tsuke shi, kuma babu matsin da ke ƙara wa takalmi zurfi.

Kamfanonin sun san wannan. Shekaru da dama Bauer yana haɗa siffar ƙafa da jerin takalmi: Vapor na masu siririyar ƙafa, Supreme na matsakaita, Nexus na masu faɗi da zurfi. Wanda yake son yadda Vapor ke tafiya amma ƙafarsa faffaɗa ce sai dai ya haƙura. Wajen 2020 suka raba abin biyu, manyan takalman suka riƙa zuwa da siffa uku, Fit 1 da Fit 2 da Fit 3, daga mai ƙarancin ciki zuwa mai yalwa. CCM ma ya bi irin wannan hanya da nasa kaso uku. Manyan shaguna kuma sun ajiye na'urar da mutum ke tsayawa a kai ta ɗauki siffar ƙafarsa ta ko'ina, ta fitar da lamba da shawara. Na'urar tana da amfani, musamman wajen nuna wa mutum abin da bai sani ba game da kansa, kamar cewa ƙafarsa ta dama ta ɗara ta hagu da rabin lamba. Sai dai ƙafar da take aunawa a tsaye take cikin natsuwa, ba wadda ta rusuna ta karkata da nauyin jiki a kan kaifi ɗaya ba. Kuma na'urar kamfani kayan kamfaninta take ba da shawara a kai. Ni dai ina ɗaukarta mafarin magana.

Sai batun gashi, wanda ya ba ni dariya ranar da na fara ji. Da gaske gasa takalmin ake yi. Shago yana da ɗan tanderu na musamman, ana saka takalmin cikin zafin da ya kai kamar digiri 80 na 'yan mintuna har kwanson da soson ciki su yi laushi. A fito da shi da ɗuminsa a zura wa mai shi, a ja igiya gefe-gefe a hankali, domin in aka fizga sama hudojin na iya yagewa tunda sun yi taushi. Mutum ya zauna kamar minti 15 gwiwa a lanƙwashe, ba tsayuwa ba yawo, har takalmin ya huce a jikin ƙafarsa. Sannan a bar shi kwana guda kafin a hau ƙanƙara. Wannan na cikin abin da tsada ke saya da gaske, domin kayan manyan takalma sun fi karɓar siffa nesa ba kusa ba. Amma gashi yana cike ƙananan giɓi ne, yana kwantar da ƙananan tudu. Takalmin da ya gaza a gwajin fensir zai fito daga tanderu da gazawarsa.

Wanda ya kai wannan tunani ƙarshensa shi ne Scott Van Horne na birnin Winnipeg, wanda ya fito daga ɓangaren takalman tseren ƙanƙara, inda aka daɗe ana ƙera wa kowane ɗan tsere nasa bisa zubin ƙafarsa. Ya kawo dabarar cikin hoki da kamfaninsa VH, kwanso guda na kabon ba ɗinki tsakanin ƙasa da gefe, kowace ƙafa da nata awon. True ya saye kamfanin a 2016. Yanzu Bauer da CCM ma suna yi wa mutum nasa in ya biya ƙari. Yawancin 'yan NHL irin wannan suke sawa, saboda haka takalmin da ka gani a ƙafar tauraro a talabijin da wanda ke kan kantar shago suna iya yin launi ɗaya da suna ɗaya, amma ciki ba ɗaya ba. Kuma ko da kuɗi da ƙwararru, wata ƙafar ba ta jin magana. Peter Forsberg, ɗan Suwidin da ake lissafawa cikin gwanayen zamaninsa, ya shafe shekarun ƙarshe na wasansa yana fama da ƙafar dama da ta ƙi zama daidai a takalmi duk da aikin tiyata da aka yi masa. Ya gwada dawowa ƙungiyar Colorado a 2011, ya buga wasa biyu ya ajiye.

Yanzu ga inda ni kaina na yi ɓatan kai. Bayan shekara biyu ina zaman kallo a kan benci mai sanyi, na shiga ajin koyon zamiya na manya. Na ci karo da wani babban takalmi na shekarar da ta wuce an zaftare masa farashi, na ce ai ga dama ta samu. Awo ya yi, dunduniya ta kama, fensir ya kwanta. Amma da na hau ƙanƙara sai na ji kamar an ɗora mini ƙafa a karaya. Na kasa turo gwiwa gaba, saboda haka na tsaya ƙiƙam, nauyina ya koma kan dunduniya, ina ta faɗuwa ta baya. Da na dage sai gaban idon sawuna ya kumbura. Mai koyar da mu ta matsa gefen takalmin da hannu, bai ko motsa ba, ta ce an ƙera shi ne domin wanda ya fi ni nauyi da ƙarfi, mai hawa ƙanƙara kullum. Linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, tauri iri biyu ne. Akwai taurin gefe, wanda ke hana takalmi lotsewa idan mutum ya kwanta a kan kaifi yana shan kwana da gudu. Wannan alheri ne, kuma gwargwadon nauyin mutum da ƙarfinsa gwargwadon buƙatarsa. Akwai kuma taurin gaba, wanda ke hana ƙwauri sunkuyawa kan yatsu. Shi kuwa in ya yi yawa yana kashe taku, domin duk ƙarfin zamiya daga rusunawa yake fitowa: gwiwa ta wuce yatsu, cinya ta tura gefe, a ƙarshe idon sawu ya miƙe ya ƙarasa turin. Masu tseren ƙanƙara sun nuna wa duniya darajar wannan ƙarashe. Masu bincike a wata jami'a ta Amsterdam, ƙarƙashin Gerrit Jan van Ingen Schenau, sun ƙirƙiro takalmin da dunduniyarsa ke rabuwa da wuƙa a ƙarshen taku, ta yadda idon sawu zai miƙe sosai wuƙa na kan ƙanƙara. Da aka je gasar Olamfik ta Nagano a Japan a 1998 da irinsa, tsofaffin tarihin gudu suka riƙa zubewa. Hoki ba zai iya ɗaukar wannan ba saboda juyi da birki da karo, amma masu ƙera takalma suna ta lalube a gefensa: mai kare agara da ke lanƙwasawa baya, harshe mai ba da kai, gefuna da aka yanke ƙasa. Su kuma 'yan wasa da yawa sun daɗe da nasu maganin, suna barin hudar sama ba igiya.

Tauri yana da wani aikin kuma, kariya. Faifan nan nauyinsa ya kai giram 170, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa. Ɗan wasan NHL Zdeno Chara ya taɓa buga shi da gudun kilomita 175 a awa a gasar gwaninta ta 2012. Ɗan baya da aikinsa ya haɗa da tare irin wannan da jikinsa yana da hujjar neman kwanso mai ƙarfi da harshe mai kauri, wasu ma har ƙarin garkuwar roba suke ɗorawa. Yaro ɗan shekara goma ba wanda zai harbe shi da rabin wannan. Batun rashin nauyi kuwa, wanda talla ta fi kururutawa, gaskiya ne amma ƙarami: manyan takalma ba su kai kilo ɗaya kowanne ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu da na ƙasa da su 'yan giram ne da sai mai taku dubbai a dare ɗaya zai ji a cinyarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk sha'anin shi ne, ɓangaren da ya fi sauya yadda takalmi ke tafiya shi ne mafi araha. Ƙasan wuƙar ba kaifi ɗaya ba ne kamar na wuƙar mahauci. In ka juya takalmin ka duba da kyau za ka ga an ƙwaƙule tsakiyar kaurin nan na milimita 3, an bar kaifi biyu, na ciki da na waje, da ɗan kwarmi a tsakani. Ana auna kwarmin da rabin faɗin da'irar da aka lanƙwasa bakin dutsen washi da ita. Rabin inci shi ne abin da yawancin shaguna ke yi in ba ka ce komai ba. Inci 3/8 ya fi zurfi, 5/8 da 3/4 da inci guda sun fi shafewa. In aka yi lissafi, zurfin kwarmin rabin inci bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kamar kaurin takardar rubutu, na inci guda kuma rabin haka. Amma ƙafa tana jin wannan bambanci nan take. Mai zurfi yana cizon ƙanƙara, yana ba da kamu a kwana, sai dai yana nutsewa yana jan gudu, yana gajiyar da cinya. Mai shafe yana sulalewa da sauƙi amma yana buƙatar wanda ya iya kwantar da kaifi. Mai nauyi yana nutsar da wuƙa da kansa, saboda haka ba ya buƙatar zurfi kamar mara nauyi. Ƙanƙarar ma ba ɗaya ba ce: mai tsananin sanyi tana da tauri tana son kaifi, wadda ta ɗan yi ɗumi tana da laushi tana riƙe wuƙa.

Daga gaba zuwa baya kuma wuƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ɗan lanƙwasa kamar cikin kwalekwale, ta yadda guntu ne kawai ke taɓa ƙanƙara a lokaci guda. Shi ma da da'ira ake auna shi, daga kamar mita 2.7 zuwa mita 4, abin da suke kira ƙafa 9 zuwa 13 a ma'auninsu. Ƙaramar da'ira tana ba da saurin juyi, babba tana ba da natsuwa da dogon sulu. Masu tsaron raga nasu ya fi na kowa kwanciya. Kamfanin ProSharp na Suwidin ya yaɗa salon haɗa da'ira uku ko huɗu a wuƙa ɗaya, gaba don tashi, tsakiya don juyi, baya don tsayuwa. Ana kuma iya matsar da tsakiyar lanƙwasar gaba ko baya, wanda ke sa mutum ya ji an sunkuyar da shi ko an miƙar da shi. Har wurin da aka kafe mariƙi a ƙasan takalmi yana da tasiri, domin in ya goce daga tsakiyar nauyin ƙafa da milimita ɗaya ko biyu, mutum zai yi ta faɗawa ciki yana zargin idon sawunsa da rauni. An taɓa gwada wuƙa mai ɗumama kanta da batir a ƙarshen shekarun 2000, da sunan rage gogayya, har shahararren ɗan wasan hoki Wayne Gretzky ya mara mata baya, amma ba ta karɓu ba. Abin da ya karɓu shi ne mariƙi mai kunama da ke sakin wuƙa cikin daƙiƙu, ta yadda in kaifi ya dakushe ana tsakar wasa, mai kula da kaya zai canja ta a bakin benci.

Wannan ne ya sa auna ingancin sabon takalmi yake da wuya fiye da yadda ake zato. Mutum ya sayi sabo, ya hau, ya ce ya fi tsohon gudu, ko ya ce bai iya juyi da shi ba. Amma sabon ya zo da wuƙa mai tsayi wadda ba a cinye da washi ba, da lanƙwasar masana'anta wadda ta bambanta da ta tsohon, wataƙila da mariƙin da ya fi ɗaga dunduniya, ga kuma kwarmin da wani hannu daban ya wasa. Abu huɗu sun canja tare, shi kuwa yana yaba wa kwanso ko yana zaginsa. Wanda yake son ya san gaskiya sai ya sa a yi wa sabuwar wuƙar kwarmi da lanƙwasa irin na tsohuwar, ya sa irin safar da ya saba da shimfiɗar ciki ɗaya, ya ba takalmin sa'o'i da dama a kan ƙanƙara, sannan ya riƙa taɓa abu ɗaya-ɗaya. Ya kuma koyi rarrabe ciwo. Zafi a wuri guda da za a iya nunawa da yatsa aikin matsi ne, minti goma a shago ya isa. Yatsu su mutu ko su yi sanyi da wuri, yawanci igiya ce ta yi tsauri a tsakiya ko faɗi ya gaza. Ciwon kwarin tafin ƙafa yakan nuna shimfiɗar ciki ba ta dace ba, ko kuma ƙafa tana damƙe kanta ne don ta hana zamewa a takalmin da ya yi mata yawa. Dunduniya mai ɗagawa bayan gashi kuwa, mayar da takalmin ake yi.

Shi ya sa nake karanta yabo da sukan da mutane ke yi wa takalma da taka-tsantsan. Mai rubutun ƙafarsa yake ba da labari, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manyan wasan ma ba su taɓa haɗuwa a kan hanya ɗaya ba. Bobby Orr ba ya sa safa sam, ƙafa tsirara yake zurawa don ya ji takalmin. Paul Coffey, wanda zamiyarsa ta zama abin kwatance a shekarun 1980, ya shahara da cusa ƙafarsa a takalmin da ya gaza ta sosai. Duk su biyun kusanci da wuƙa suke nema, kowa da tasa hanyar, kuma ba wanda zai ba yaro shawarar ya kwaikwayi na biyun.

Akwai kuma ƙarko, wanda ba a gani sai bayan watanni. Gumi ne babban abokin gaba: in ba a zare shimfiɗar ciki an bar takalmin ya sha iska ba, ƙusoshin da ke riƙe mariƙi suna tsatsa su saki, soso ya ruɓe. Kwanson da ya fara yin ƙoƙi a gefen idon sawu ya gama aikinsa ko da fentinsa na ƙyalli. Ƙwararru sukan kashe takalma da yawa a kaka ɗaya, kuma ƙungiya ce ke biya, saboda haka an ƙera mafi tsadan ne da tunanin wanda ba ruwansa da shekara uku masu zuwa.

Ni dai na sayar da nawa ga wani ƙato da ke wasa sau huɗu a mako, na koma na sayi na tsakiya, kuma a mako na biyu na fara iya birki da gefe. Ɗana kuwa ƙunƙunin da na yi bai faɗi ƙasa banza ba, domin kafin kaka ta zagayo yatsansa ya daina janyewa ko ya rusuna. Muka koma wurin dattijon. Ya karɓi tsohon takalmin ya juya shi, ya goga farcen babban yatsansa a kan kaifin ciki da na waje, ya ce wa ya wasa wannan, ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Sannan ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya ce yaron ya zauna.